Tsakiya, Murjani da Azurfa: Ina Darajar Tsohon Kayan Ado Take?

Abin da ya jawo wannan maƙala wani rabon gado ne da aka gayyace ni in shaida a Unguwar Mu'azu ta Kaduna. Wata tsohuwa ce daga cikin danginmu ta rasu, aka taru bayan sadakar arba'in domin a ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. An gama da gida da tufafi da kwanuka ba tare da wata gardama ba, domin duk wanda ke zauren ya san kimarsu a kasuwa. Sai aka fito da wani ɗan gwangwanin alewa mai tsatsa, an ɗaure shi da tsumma. Da aka zazzage shi a kan tabarma sai ga mundaye biyu na azurfa, da zobba, da tsabar kuɗi uku waɗanda aka liƙa wa kunnen ratayawa, da igiya ɗaya ta jan dutse, da wasu dogayen duwatsu masu ratsin fari. Malamin da ke rabon ya ce sai an yi musu kuɗi kafin su shiga lissafi, wannan kuwa ita ce ƙa'ida. Aka kirawo wani mai sayen gwal, ya ɗora azurfar a kan ma'auni, ya faɗi nauyinta da abin da zai biya, sa'an nan ya ture duwatsun gefe da bayan hannu, ya ce waɗannan ba su da kuɗi. A cikinmu, mu wajen goma sha biyar har da masu digiri, ba a sami wanda ya iya kiran sunan kayan nan duka ba. Ni ma da ake kira malamin Hausa, rabi na sani.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa Kaduna gari ne sabo. Sai a 1917 ta zama hedikwatar lardunan Arewa, bayan an taso daga Zungeru, kuma yawancin unguwanninta na Hausawa sun cika ne da ma'aikatan jirgin ƙasa da sojoji da 'yan kasuwa da leburorin masaƙu waɗanda suka zo daga baya. Saboda haka duk wani abin ado da ya haura shekara ɗari a Unguwar Mu'azu ko Tudun Wada, a cikin kayan wata amarya ya iso, daga Zariya ko Kano ko Katsina ko Bida ko Barno. Gwangwanin tsohuwar nan, in an lura, tarihin tafiyar zuriyarta ne a dunƙule. Maƙasudinmu a nan shi ne mu duba mene ne irin waɗannan kaya, daga ina suka zo, kuma me ya sa har yanzu suke jan hankalin wanda ya san su, alhali kasuwa ta cika da sarƙoƙin da suka fi su ƙyalli.

Shaidar da ke cikin kalmomi

Tun da nazarin harshe ne sana'armu, bari mu fara da sunaye. Kalmar azurfa daga harshen Buzaye muka aro ta, inda suke cewa azref. Zinariya kuwa masana sun danganta ta da dinari na Larabci, wanda shi ma daga sunan wani kuɗin Rumawa ya samo asali. Murjani da lu'ulu'u Larabci ne tsantsa. Gwal, wadda ta kusa korar zinariya daga bakin matan birni, daga Ingilishi ta shigo. Watau a cikin kalmomi biyar kaɗai ana iya ganin hanyar Azbin, da hanyar littafi da Makka, da kuma hanyar teku wadda Turawa suka biyo. Akwai ma wata kalma da 'yan makaranta ke amfani da ita kullum ba su san daga maƙera ta fito ba, ita ce sinadari. Asalinta abin da maƙeri yake liƙa ƙarfe da ƙarfe da shi ne, sai daga baya aka faɗaɗa ma'anarta ta shiga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya.

Amma kalmomin siffa, waɗanda suka nuna yadda ake sa abin a jiki, yawancinsu na gida ne: munduwa, awarwaro, kwandaga, ƙarau, jigida, zobe, ɗan kunne, tsakiya. Wannan ya nuna mana cewa Bahaushe ya sayi ƙarfe da dutse daga nesa, amma salon adon nasa ne. Duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai ci karo da sunayen duwatsun wuya iri-iri waɗanda ɗalibanmu na jami'a ba su taɓa ji ba. Sunan abu ba ya daɗewa bayan abin ya bar hannun mutane.

Ado da dutse kuwa ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Gumakan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tsinta a kudancin Jihar Kaduna ta yau a 1928, sun haura shekara 2,000, kuma da yawansu an siffanta su da igiyoyin duwatsu jibge a wuya da hannu da ƙugu. A ƙasar Katsina, kaburburan Durɓi ta Kusheyi da aka tona a 1907, aka sake tonawa a 1992, sun fito da jajayen duwatsu da ƙwayoyin gilashi da wuri da mundayen jan ƙarfe da na hauren giwa, har da 'yan kayan zinariya da wani kwano irin ƙirar ƙasashen Larabawa. An kimanta shekarunsu tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Ibn Baɗuɗa, da ya sauka Takedda a 1353, ya ba da labarin cewa ana kai jan ƙarfen garin zuwa Gobir da Barno. Saboda haka lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, cinikin kayan ado ya riga ya tsufa.

Lu'ulu'u da ƙananansa

A nan ne nake so in ɗan tsaya, domin akwai wani ruɗani a harshenmu wanda ya cancanci a warware. A Hausar kafafen watsa labarai ta yau, idan an ce lu'ulu'u sau da yawa daimon ake nufi, watau dutsen nan mai tauri da ake haƙowa daga ƙasa a Saliyo ko Botswana. Asalin lu'ulu'u kuwa ba dutsen ƙasa ba ne. A cikin kawa yake samuwa, a ƙarƙashin ruwa. Idan wani ɗan abu ya shiga jikin kawar ya dame ta, sai ta riƙa lulluɓe shi da irin ruwan da take shafe cikin ɓawonta da shi, shafi bisa shafi, shekara da shekaru, har ya zama ƙwaya mai sheƙi. Wannan sheƙi ba irin na madubi ba ne. Haske yana ratsa shafe-shafen ne ya dawo a tausashe, shi ya sa ake ganin kamar daga cikin ƙwayar yake fitowa. A ganina, dalilin da ya sa ma'anar kalmar ta zame a bakinmu shi ne Bahaushe ya san lu'ulu'u a littafi da wa'azi fiye da yadda ya san shi a tafin hannu. Abin da aka sani shi ne abu ne mai tsada, mai haske, na 'yan Aljanna, don haka kowane dutse mai tsada da haske ya iya ɗaukar sunan.

An ambaci lu'ulu'u da murjani tare a cikin Suratur Rahman, a matsayin abin da ke fitowa daga teku. Wanda ya saba sauraren tafsirin Jalalaini da azumi zai tuna cewa an ba murjani fassara biyu a wurin: ko dai jan dutsen ado, ko kuma ƙananan lu'ulu'u. Fassara ta farko ita ce ta zauna a Hausa. Ta biyun kuwa tana nuni ne ga wani abu da ya yi tashe ƙwarai a wasu ƙasashe, watau ƙwayoyin lu'ulu'u 'yan mitsi-mitsi waɗanda faɗinsu bai kai milimita 2 ba, kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka. Masu nutso a Tekun Fasha, musamman a Baharain, sukan yi wata huɗu na zafi suna fito da kawa, kuma da yawa daga cikinsu bayi ne ko 'ya'yan bayi da aka kawo daga Afirka. Babbar ƙwaya kan yi wuyar samu, ƙananan ne suka fi yawa. Sai a kai su Indiya, musamman Bombay, inda ake da masu haƙurin huda su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da aka yi da waɗannan ƙananan ƙwayoyi yana da ban mamaki. A 1865 wani sarkin Baroda ta Indiya, Khanderao Gaekwad, wanda ba Musulmi ba ne, ya sa aka yi wata shimfiɗa da aka ɗinke da ƙananan lu'ulu'u fiye da miliyan ɗaya, da niyyar aika ta Madina kyauta ga kabarin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya rasu a 1870 ba a kai ta ba. An yi gwanjonta a Doha a 2009 a kan dala miliyan 5 da rabi, ta koma hannun gidan tarihin Ƙatar. A Ingila da Amurka kuma, a ƙarni na 19, an riƙa ɗinka ƙwayoyin a kan ɓawon kawa da farin gashin wutsiyar doki, domin zare ya yi musu kauri, a fitar da siffar fure ko ganye, a ba amarya. Sun kuma sa su a cikin adon makoki, suna kamanta su da hawaye, musamman bayan mutuwar mijin Sarauniya Biktoriya a 1861, wadda ta zauna cikin baƙaƙen tufafi har ƙarshen ranta a 1901. A nan al'adu suka rabu sarai. Baturiya tana nuna baƙin cikinta da wani irin ado na musamman, Bahaushiya kuwa tana nuna nata da tuɓe ado baki ɗaya, wata huɗu da kwana goma na takaba, ba awarwaro ba ɗan kunne.

Wannan ciniki ya karye ne a hannun wani Bajapane, Mikimoto, wanda a 1893 ya yi nasarar sa kawa ta yi lu'ulu'u ta hanyar cusa mata ɗan abu da gangan. Kafin shekarun 1930 lu'ulu'un kiwo ya cika kasuwa, tattalin arzikin duniya ya durƙushe, aka kuma sami man fetur a Baharain a 1932, masu nutso suka watse. Don haka kusan duk lu'ulu'un da alhazanmu ke sayowa a Makka da Jidda na kiwo ne, in ma ba gilashi ko roba ba ne da aka shafa wa ruwa. Tsohon kayan da aka yi da ƙwayoyin teku kuwa darajarsa ta ƙaru, tun da ba a ƙara yin irinsa da yawa.

Murjani da tsakiya

Abin da matanmu suka riƙe a hannu, suka gada, suka kuma sa wa 'ya'yansu sunansa, Murjanatu, shi ne jan murjani. Shi ma daga teku yake, amma ba daga kawa ba. Wasu ƙananan halittu ne suke gina shi kamar reshen itace a ƙarƙashin Bahar Rum, a gaɓar Tunisiya da Aljeriya da Italiya, kuma yana girma ne a hankali ƙwarai. Garin Torre del Greco kusa da Napoli ya shahara da yanka shi da goge shi. Daga Tarabulus raƙuma suka riƙa ɗauko shi su ratsa Sahara. Kyaftin Clapperton, da ya shiga Kasuwar Kurmi a 1824, ya ga ana sayar da murjani da ƙwayoyin gilashi da mundayen tagulla da 'yan kayan azurfa kaɗan, ya kuma lura cewa bai ga na zinariya ba. Barth, a 1851, ya lissafa duwatsun gilashi na Benis a cikin manyan hajojin da ke shigowa Kano daga arewa. Tun a wancan lokaci ke nan na gaske da na kwaikwayo suke tafiya a ayari ɗaya, kuma sunan murjani ya riƙa rufe su duka.

Tsakiya kuwa dutsen ƙasa ce, ja ko ruwan ƙasa, wani lokaci da ratsin fari, a fere ta doguwa a huda ta tsaye. Tsofaffin sun fito ne daga Kambay ta yankin Gujarat a Indiya, inda aka yi dubban shekaru ana wannan sana'a, suka biyo ta Makka da Masar a hannun alhazai da fatake. Daga wajen 1830 sai garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga kasuwar da duwatsun da yake sayowa daga Barazil, ya riƙa fere su daidai da abin da mutanen Afirka ke so, har da talhatana, abin wuyan nan mai siffar zobe da tsini wanda Buzaye da Hausawan arewa suka sani. Bayan Jamusawa sai masu gilashi na Bohemiya, a ƙasar Cek ta yau, suka kwaikwayi na Jamusawan. Akwai kuma na kusa. Fataken Hausawa sun riƙa ɗauko jan dutsen da ake kira lantana daga yankin Kogin Kwara a cikin ƙasar Nijar ta yau, su kai Ilori, inda Yarabawa suke huda shi su goge, wannan sana'a kuwa ta yi rauni tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. A Bida, Nufawan unguwar Masaga suna narka gilashi su yi ƙarau da duwatsun wuya, Nadel ya bayyana aikinsu a littafinsa na 1942.

To, yaya ake bambancewa? Tsofaffin dillalai suna da hanyoyinsu, kuma kimiyya ba ta ƙaryata su ba. Murjani na gaske in an duba shi da kyau ana ganin siraran layuka a jikinsa kamar na itace, jansa kuma bai cika zama bai ɗaya ba. Na gilashi yakan nuna ɗan kumfa a ciki, ko layin da bakin mazubi ya bari. Lu'ulu'u in an goga shi a haƙori sai a ji ɗan gursa-gursa, na jabu kuwa santsi gare shi. Tsohuwar tsakiya ana gane ta daga raminta: an huda ta ne daga gefe biyu, ramukan sukan haɗu a karkace, bakin ramin kuma igiya ta cinye shi ya yi sumul. Ruwan lemon tsami yana cin murjani da lu'ulu'u duka biyu, saboda haka gwaji da shi ɓarna ce. Haka nan turare da humra suna dusashe su, abin da ya kamata a gaya wa amaren yanzu.

Liyari da maƙeran fari

Tsabar kuɗin nan uku da suka fito daga gwangwani, biyu suloli ne, ɗaya kuma babba ce mai hoton wata mace mai lulluɓi da shekarar 1780. Wani daga cikin magada ya yi murna, ya ce ai wannan ta girmi Jihadi. Sai da na ɗan rage masa murnar. Wannan ita ce liyari, dalar Mariya Tariza sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Saboda yadda mutanen Habasha da Larabawa da Sudan da Barno suka amince da ita, sai aka ci gaba da buga ta da wannan shekara ba canji, a Biyana da wasu birane har da Landan da Roma da Bombay, har cikin ƙarni na 20. Don haka shekarar da ke jikinta ba ta faɗin ranar da aka buga ta. Abin da ta tabbatar shi ne nauyi: giram 28, kuma kashi 833 cikin 1,000 azurfa ce. A zamanin Barth ana canza dalar azurfa ɗaya a Kano a kan wuri 2,500.

Ƙasar Hausa ba ta dogara da wata mahaƙar azurfa tata ba, kuɗi ne ma'adininta. Liyari da dalolin Sifen da na Faransa, daga baya kuma sule da fataka na Turawan mulkin mallaka, su aka riƙa narkawa. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da Ingilishi suka kafa a 1912 ta buga suloli na azurfa daga 1913, amma daga 1920 ta koma buga su da gaurayen ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Tsofaffin sulolin sai suka ɓace daga kasuwa, da yawansu suka koma wuyan mata da maƙera.

Maƙera a ƙasar Hausa kashi biyu ne, kamar yadda Philip Jaggar ya nuna a nazarinsa kan maƙeran birnin Kano: maƙeran baƙi masu garma da fartanya da wuƙa, da maƙeran fari masu azurfa da tagulla da dalma da goran ruwa. Maƙerin fari yana narka kuɗin a ɗan kasko bisa gawayi, yaro yana masa zuga, ya zuba a mazubi, ya buge, ya ja wani ya zama waya siririya, ya murɗa ta, ya naɗa, ya liƙa da sinadari, sa'an nan ya yi zane da ɗan tsinken ƙarfe. Babu munduwa biyu da suka fito daidai wa daida, ko da hannu ɗaya ya yi su a yini ɗaya. A Agadas da Damagaram da Tawa an fi yin zubi da kakin zuma, watau a siffanta abin da kaki, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba azurfa a gurbinsa. Dole a fasa yumɓun kafin a fitar da abin, saboda haka kowane mazubi haihuwa ɗaya yake yi.

Ina abin sha'awar yake?

In aka tambayi tsohuwa me ya sa ta fi son munduwarta a kan sabon awarwaro, abu na farko da za ta ce shi ne nauyi. Ado ne da mai shi take ji a jikinta ko ba wanda ya gani. Sai kuma amo: azurfa tana da ƙara mai daɗi in ta haɗu da 'yar'uwarta wajen daka ko tafi, abin da roba ba ta da shi. Sa'an nan akwai abin da shekaru kan yi wa ƙarfe. Azurfa takan yi duhu a cikin zane, ta yi haske a inda fata ke gogarta, sai zanen ya fito fili fiye da ranar da aka ƙera shi. Murjanin da ya daɗe a wuya yakan yi wani laushi da sheƙi wanda injin ba ya iya bayarwa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a nan maganar ta zauna daidai.

Amma ina ganin babban dalili ya wuce ido da kunne. A gidan Bahaushe na da, gona da gida da doki sun fi zama a hannun maza. Abin da mace ta mallaka ita kaɗai, wanda miji ba shi da iko a kansa, shi ne sadakinta da kayan ɗakinta da adonta. Da kuɗin adashi da na ƙuli-ƙuli da kaɗi take tara su ɗaya-ɗaya. In yunwa ta zo, ko ciwo, ko auren 'ya, sai a kira dillaliya a asirce, ko a kai jingina. Shari'a ma ta ƙarfafa wannan, domin a mazhabar Malikiyya babu zakka a kan adon da mace ta ajiye don sawa, kuma mafi ƙarancin sadaki da ƙarfe aka auna shi, rubu'in dinari na zinariya ko dirhami uku na azurfa. Zanen aro ba ya rufe katara, amma munduwar da uwa ta ba 'yarta tata ce har ƙasa. Wanda ya kalli gwangwanin tsohuwar nan a matsayin tarkace bai gane cewa asusunta ne ba, kuma kowane ƙwaya da ya rage a ciki shaida ne na wata shekarar wuya da ta wuce ba ta sayar ba.

Dole kuma a faɗi gaskiya cewa wani ɓangare na wannan sha'awa daga waje ya dawo mana. Tun shekarun 1960 da 1970 dillalan kayan tarihi, da yawansu Hausawa ne, suka riƙa bin ƙauyuka suna saye tsofaffin duwatsu da azurfa suna kaiwa Turai da Amurka, inda aka san darajarsu. Sau da yawa sai mun ga abin kakarmu a hoton gidan tarihin wata ƙasa sa'an nan muke tuna cewa yana da kyau. Wannan ba abin alfahari ba ne.

Juyin ya zo ne da kuɗin man fetur. Daga shekarun 1970, da aikin hajji ta jirgin sama ya yawaita, albashi ya ƙaru bayan ƙarin Udoji na 1974, sai gwal ya zama ma'aunin lefe, azurfa ta koma kayan ƙauye. Ta fuskar ajiya matan ba su yi kuskure ba: oza ɗaya ta gwal dala 35 ce har 1971, ta kai dala 850 a farkon 1980, ta haura dala 2,000 a 2020. Sai dai gwal ɗin Makka da Dubai na injin ne, ana sayar da shi ne a kan giram, a kuma canza shi da zarar yayi ya wuce, saboda haka ba ya daɗewa a gida har ya ɗauki tarihin kowa. Wannan ɗabi'a ta awo ita ce mai sayen gwal ɗin nan ya kawo kan mundayen tsohuwa. A lissafinsa aikin maƙeri ba shi da nauyi.

Doka ma ba ta kai nan ba sosai. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki aikin hannu na gida wanda aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi da ba a fitar da shi sai da izini. Yawancin abin da ke cikin gwangwanayen matanmu kuwa ko dai an ƙera shi bayan wannan shekara, ko asalinsa daga Italiya da Indiya da Jamus yake, ko kuma ba mai iya tabbatar da shekarunsa. Rabon gado shi ma yana da nasa tasiri, ba don aibin shari'a ba, sai don hanya mafi sauƙi ta raba munduwa biyu tsakanin magada tara ita ce a sayar a raba kuɗin. Alhali kuwa ba abin da ya hana a yi wa abu kima ta gaskiya, magaji ɗaya ya ɗauke shi a cikin rabonsa, ya cika wa sauran. Abin da ya rage shi ne a sami mai iya yin kimar. A nan ne nake ganin aikin ɗalibanmu masu neman digiri na biyu da na uku: a shiga gidaje a Zariya da Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, musamman ɗalibai mata waɗanda ƙofa a buɗe take gare su, a ɗauki hoton kowane abu, a auna shi, a rubuta sunansa da karin harshen wurin da kirarinsa in yana da shi, daga bakin matan da suka sa shi. Gidan Makama na Kano da gidan tarihin Kaduna da aka buɗe a 1975 za su iya ajiye abin, amma sunan a bakin tsofaffi yake.

A rabon da na ba da labari, azurfar ta tafi a kan nauyinta, sai liyarin kaɗai da babban ɗan ya fanshe. Duwatsun kuwa, tun da an ce ba su da kuɗi, magada suka yafe wa ƙaramar 'yar marigayiyar. Daga baya ta kai su wurin wata tsohuwar dillaliya a Tudun Wada, ta zauna ta tsince su a faifai ɗaya bayan ɗaya. A cikin jajaye 41, ta ware 26 ta ce murjani ne na gaske, sauran gilashi ne da aka cike gurbi da su a lokuta dabam-dabam. Dogayen guda biyar ta kira su tsakiya, ta ce ɗaya ta fi sauran tsufa nesa, ta nuna inda igiya ta ci bakinta.